Hannu a Ɗinki na Bakwai

Rana ta riga ta kwanta a bayan katangar maƙwabta lokacin da abu na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Mai Hoto. Ba wata ƙara mai ƙarfi ba ce. Ƙwas ɗaya, sai gangarowa a hankali, sannan abin ya diro tsakar gida kusa da bokitin wanke-wanke.

Shi Mai Hoto yana tsugune a bakin famfo yana wanke hannu, dawowarsa ke nan daga aiki. Matarsa na kicin. 'Yarsu tilo, wadda kowa ke kira Bahaguwa saboda da hagu take yin komai, tana zaune a tabarma ta baje littattafai, jarrabawar fita sakandare saura mata mako uku. Ita ce ta miƙa hannu ta ɗauka, ta yar da sauri ta kai yatsu baki.

"Baba, da zafi."

Ya taso ya duba. Guntun sandar walda ne, irin ragowar da maiwalda ke yarwa in sandar ta cinye, bai fi ɗan yatsa ba, bakinsa har yanzu ja. Unguwar kuwa babu maiwalda ko ɗaya, rumfar da ta fi kusa sai ka hau mota biyu.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matar daga ƙofar kicin. "Wata rana sai sun fasa wa mutum kai."

"Su ne," ya ce. Ya tura guntun da ƙafa cikin kwata, ya yi ɗan cuu ya mutu.

Kada sunan ya ruɗe ka, Mai Hoto bai taɓa ɗaukar ɗan Adam hoto ba. Ƙarfe yake ɗauka. A masana'antar da yake aiki ana ƙera wa ƙananan matatun mai tankuna, irin waɗanda ake dafa ɗanyen mai a ciki a rufe ruf, zafi da matsi suna dukan bangonsu ba hutu. In maiwalda ya gama ɗinke faranti da faranti ba a yarda da ido, don walda takan yi sumul a waje cikinta kuwa rami ne. Sai a kira Mai Hoto. Ya kori kowa, ya zagaye wurin da igiya, ya liƙa fim a bayan ɗinkin, ya jera ƙananan lambobin darma don a san wane hoto ne na wane wuri, sannan ya sako hasken nan da ba a gani, mai ratsa ƙarfe yadda na asibiti ke ratsa nama. In an wanke fim ya ɗora a allon haske. Wuri mai lafiya fari-fari yake fitowa, rami ko tsaga kuwa baƙi. Inda ya ga baƙi ya je ya zagaye da rawayan alli a jikin tankin, a gurje a sake. Inda bai gani ba ya buga hatimi. Da hatimin nan ne magidanta ke tsayawa a gindin tanki mai tafasa suna hira hankali kwance.

Babban maiwalda na wurin kuwa yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta da guminsa. Shekara talatin da ɗaya Yaya yana walda rawayan alli bai taɓa hawa aikinsa ba, kuma ba ya gajiya da faɗar haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

To, kwana tara kafin wannan magaribar, Mai Hoto ya ɗora fim ɗin ɗinki na bakwai na sabon tanki a allon haske, shi kaɗai a ɗakin duhu. Tsakanin lamba sha huɗu da sha biyar ya ga baƙin layi, tsawon yatsa, inda walda ba ta kama faranti ba. A kan layin kuma akwai wani abin: siffar hannu, ɗan ƙarami, yatsu biyar a ware.

Ya ce wa ransa wani ne ya taɓa fim ɗin da jiƙaƙƙen hannu, abin yakan faru. Ƙa'ida ta ce a sake ɗauka, ya sake washegari. Layin yana nan. Hannun yana nan. Amma yatsun sun lanƙwashe.

Hannun ya ba shi tsoro, amma wallahi layin ya fi ba shi tsoro. Dokar wurin ita ce duk maiwaldan da babban ɗinkinsa ya faɗi sai an sake gwada shi daga tushe, hannu da ido, a gaban yaran da shi ya koya wa riƙon kan walda. Kuma irin wannan aibin ba na rawar hannu ba ne, na wanda bai ga bakin ramin da kyau ba ne. Mai Hoto bai yarda ya bi wannan tunanin zuwa ƙarshensa ba. Ya tashi ya kwashe lambobin darma, sha huɗu da sha biyar, ya liƙa su a wani wuri mai lafiya a ɗinkin, ya ɗauki hoto mai kyau, ya sa a fayil, ya buga hatimi. Fina-finan gaskiyar guda biyu ya zura a jaka ya kawo gida, ya cusa a saman kabad ƙarƙashin tsohon bargo. Ya lallashi kansa cewa ai akwai gwajin ruwa a gaba, za a cika tankin a matsa shi fiye da yadda zai yi aiki, in ya riƙe shi ke nan. Ya san sarai irin wannan layin yakan ci gwajin ruwa ya zo ya buɗe bayan shekara, da mai mai zafi a ciki. Ya sani, ya buga.

Magariba ta biyu guntaye bakwai suka faɗo, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Matar ta leƙa waje da tsintsiya a hannu tana shirin faɗa, ta tarar da layin fayau, ko kaza babu.

Ta uku babu jifa. Shiru ne ya sauka a gidan, irin shirun da har ƙarar firji sai da ta zama abin saurare. Sannan aka fara ƙwanƙwasa. Uku a jere, a tsaya, uku a jere. Mai Hoto ya san sautin, haka gudumar kankare walda ke yi a kan ƙarfe. Daga cikin duron ruwan da ke kusurwar tsakar gida yake fitowa. Matar ta yi bismilla ta ɗaga murfin. Ruwa ne kawai, sai dai ya yi ɗumi, yana warin ƙonannen ƙarfe. Tana mayar da murfin suka ji wani abu a cikin bango, siriri, kamar yaron da ya yi kuka ya gaji har murya ta dushe. Da aka kira isha'i komai ya ɗauke. Haka abin yake kullum, daga faɗuwar rana zuwa isha'i, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Mai Hoto kaɗai ya san a daidai wannan lokacin ne Yaya ya rufe ɗinki na bakwai, ranar da ya tsaya aikin bayan tashi.

"Baban Bahaguwa, ka taɓo wani abu a wurin aikin nan ne?" matar ta tambaye shi.

"Me zan taɓo? Ƙarfe ne."

Ta dube shi. Shekara goma sha tara suna tare, ta san yadda muryarsa ke yi in ya rufe ƙofa.

A magariba ta huɗu Bahaguwa tana rubutu, biron ya karye a hannunta. Suka ji ƙas. Hannun hagun ya dunƙule, ya dunƙule har jijiyoyi suka tashi, tawada na ɗiga ta tsakanin yatsu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da sauƙi. Ta ɗago kai a hankali ta dubi ubanta da wasu idanu da ba nata ba, idanun babbar mace da ta daɗe ba ta yi barci ba.

"Sha huɗu," ta ce. "Sha biyar."

Sannan ta faɗi.

Aka yi asibiti. Aka yi allura, aka murza, ƙarti biyu suka gwada ɓanɓare yatsun suka kasa. Aka ɗauki hoton hannun, Mai Hoto ya karɓa ya ɗaga a taga da kansa, shi da karatun fim ne abincinsa. Ƙashi lafiya lau, babu tsaga babu targaɗe. Da rana yarinyar tana hayyacinta, tana kuka tana cewa kamar an danne mata hannu a ƙofa, tana tambaya ko za a bar ta ta rubuta jarrabawa da dama. Rana na faɗuwa ta daina magana ta zuba wa uban ido. Kwana biyu a haka yatsun suka yi sanyi, suka koma launin toka. Likitan ya ja Mai Hoto gefe ya ce jini ba ya isa wurin, in hannun bai buɗe ba nan da jibi, to sai dai a zauna a yi wata maganar. Bai faɗi maganar ba, ya dai nuna wuyan hannunsa.

Ka ga ikon Allah, duk da haka Mai Hoto bai buɗe baki ba. Ya shiga banɗaki ya yi kuka, ya wanke fuska ya fito. Tsoro biyu ne suka riƙe shi, yana tsakaninsu ya kasa motsi. Gwajin ruwa kuwa washegari ne da ƙarfe takwas.

Matar ce ta ce a mayar mata da 'yarta gida, ta kuma kira Yaya a waya. Bayan la'asar sai ga shi ya shigo da ƙaton jikinsa da tabon wuta a hannuwa, ya taho da wani malami da ya sani, tsoho siriri mai yawan tari, wanda aka ce in an kai masa mara lafiya yakan fara tambaya ko an je asibiti, in ba a je ba ya kore ku.

"Ina Bahaguwata?" in ji Yaya tun daga ƙofa. "Ke, wa ya ce ki ɓoye min kuɗi a hannu? Buɗe mu raba."

Yarinyar ta yi ɗan murmushi a kwance. Ya tsuguna ya lalubi hannun, ya ji sanyinsa, dariyar ta mutu a fuskarsa.

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kwantar da ita, uwar ta riƙe mata kai. Ya ce kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya fita. Ya yi tari, ya gyara zama, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya rarrafo daga bango ya sauko ƙasa, ya yi ja. Can sai duron da ke waje ya amsa tun rana ba ta faɗi ba, uku a jere. Warin ƙonannen ƙarfe ya cika ɗakin. Bahaguwa ta tashi zaune ba tare da ta dafa komai ba.

"Ya isa, tsoho. Ina jinka."

Muryar mace ce, mai kauri, a gajiye.

Malam bai ɗaga kai da sauri ba. Ya kai ƙarshen ayar tukuna. "Wace ce ke?"

"Uwa ce, kamar wannan da ke riƙe da ita."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Nawa ma bai yi wa kowa komai ba."

"To faɗi, muna ji. Amma ki sani zalunci kike yi, kuma akwai Wanda zai tambaye ki."

Ta yi wata dariya mara daɗi. Ta ce farantan ƙarfen nan sun yi shekara biyu a jibge a bayan masana'anta, ciyawa ta rufe su, a ƙarƙashinsu take zaune da ɗanta. Da aka kwashe aka lanƙwasa su, yaron ya bi su ciki, don gidansu ne a wurinsa. Ranar da ake rufe ɗinkin ya ga haske mai shuɗi yana tafiya a cikin rami, ya miƙa hannu zai taɓa.

"Yaro ne, ya ga haske. Aka rufe a kansa. Yau kwana goma sha bakwai yana rataye da hannu ɗaya."

Yaya ya miƙe tsaye. "Ni na rufe ɗinkin nan. In hakki ne, a kaina yake. Me ya kawo ki gidan ƙanena?"

"Zauna," in ji Malam. Ya juya gare ta. "Ɗan Adam ba ya ganinku, ke ma kin sani. Ba da gangan ya yi ba."

"Na sani. Shi ya sa ban je gidansa ba. Wannan bawan Allah ina zai ga ɗana, shi da ramin da yake cikawa ma da yatsa yake lalubensa? Tun bara hazo ya rufe masa ido, yana ɓoyewa. Makaho ba ni da magana da shi."

Yaya ya koma ya zauna a hankali, kamar an zare masa ƙashin baya.

Kan yarinyar ya juya, idanun suka sauka a kan Mai Hoto.

"Wannan ne ya gani. A cikinku duka shi kaɗai Allah ya ba abin ganin cikin ƙarfe. Ya gani sau ɗaya, ya koma ya sake gani. Na tsaya a bayansa a ɗakin duhu ina cewa yanzu zai kira a buɗe. Sai ya kwashe lambobin ya kai wani wuri. Hoton ɗana kuma ya kawo nan, yana saman kabad ƙarƙashin bargo. Shi na biyo."

Matar ta zame cinyarta daga bayan yarinyar, ta shiga ɗaki, suka ji ta jawo kujera. Ta fito da fina-finan biyu ta ajiye a gaban Malam, ta koma ta riƙe 'yarta. Ko kallon mijin ba ta yi ba, kuma wannan ya fi masa zafi da a ce ta zage shi.

Malam ya ɗaga ɗaya a hasken taga, ya ƙanƙance ido, ya ajiye. "Ni ban iya karatun wannan allon ba. Kai ka iya. Gaskiya ta faɗa?"

Mai Hoto ya dubi yatsun 'yarsa masu launin toka.

"Gaskiya ne."

"Ɗaga murya, yayanka bai ji ba."

"Gaskiya ne, Yaya. Ɗinki na bakwai bai kama ba. Na gani, na sauya lamba, na buga hatimi."

"Me kike so?" Malam ya tambaye ta.

"Hannu da hannu. Gobe za su cika tankin da ruwa su matsa. Abin da ya samu nawa shi zai samu tasu, in ya so mu yi kuka tare."

"Wannan ba za ki samu ba. Ba ɗanki kike son a ceto ba? Ko ramuwa kika zo yi?"

Leɓen yarinyar ya yi rawa. Da muryar ta dawo ta ragu, har ta ba da tausayi.

"Ya daina kuka tun jiya. Ban san ko ƙarfinsa ne ya ƙare ba."

"To ki bar ciniki, lokaci na tafiya. Za a buɗe yau, ba gobe ba. Ke kuma ki fita daga jikin yarinyar nan yanzu, ki rantse da Wanda ya halicce mu da ku ba za ki dawo ba, ke da danginki."

"Wanda ya rufe shi zai buɗe. Wanda ya gani shi zai nuna wurin, da allinsa, yadda yake yi wa kowa."

Malam ya dubi 'yan'uwan biyu. Yaya ne ya gyaɗa kai.

"An yarda. Fita."

"Bakin zan bar muku, da kan, da sauran jikin. Hannun sai na ga nawa."

"Ba haka muka yi ba."

"Tsoho, na taɓa yarda da mutumin nan sau ɗaya, a ɗakin duhu. Kai da kai ne za ka sake?"

Malam ya yi tari mai tsawo. "Rantse," ya ce.

Ta rantse. Jikin yarinyar ya saki gaba ɗaya ya faɗa ƙirjin uwar, warin ya ɗauke. Bahaguwa ta buɗe ido, nata na gaske, ta ce, "Mama, ƙishirwa." Hannun yana nan a dunƙule.

"Ni zan zauna a nan in ci gaba da karatu," in ji Malam. "Ku kuma me kuke jira, in raka ku?"

Suka shiga mota, suka wuce gada. Mai Hoto ne ke tuƙi. Yaya yana kallon gaba, hannuwansa a kan gwiwa.

"Da hannun 'yata za ka saya min suna?" in ji Yaya.

"Yaya, ban san abin zai..."

"Bar maganar aljana. Ko babu ita. Mutum nawa ne za su tsaya a gindin tankin nan? Na sa ka makaranta don ka riƙa kama irina, ba don ka rufa min asiri ba."

"Kunyarka na ji."

"Ni ma kunyar ce ta hana ni faɗa. Ga inda ta kawo mu."

Ma'aikata duk sun tashi, mai gadi ya buɗe musu. Tankin yana kwance a kan gammonsa a tsakiyar rumfa, an riga an jona masa tiyon ruwa da agogon matsi don safiya. Sauran hasken rana ya shigo ta ƙarƙashin kwano ya kwanta a bayansa. Mai Hoto ya kunna fitilu, ya ɗauko tef ɗin awo, ya auna daga alamar farko ta ɗinki na bakwai, ya sake aunawa. Ya zaro rawayan alli daga aljihu. Da'irar ta fito a karkace, amma ya rufe ta, ya rubuta lambar Yaya a gefe yadda doka ta ce.

Yaya ya sa safar hannu, ya ɗauki injin gurza, ya zo ya tsaya a gaban tankin. Da'irar tana daidai ƙirjinsa, rawaya shar a kan baƙin ƙarfe, faɗin tafin hannu. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen.

"Ka zana?"

Mai Hoto ya kama hannun yayansa, ya cire masa safar, ya ɗora yatsunsa a kan ɗinkin, ya bi da su daga wannan gefen allin zuwa wancan.

"Daga nan zuwa nan. Zurfin ya kusa rabin faranti."

"Riƙe min fitila. In na kauce ka taɓa min kafaɗa."

Injin ya ɗauka, tartsatsi ya cika rumfar. Ƙarfe mai kauri ba ya gurzuwa da gaggawa. Yaya yana ci kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya shafa da yatsa, ya ci gaba. Sau biyu Mai Hoto ya taɓa masa kafaɗa. Aka kira magariba suna cikin aikin, suka tsaya suka yi salla a kan kwali, suka koma. A wajen rumfar duhu ya fara haɗuwa, kuma daga cikin tankin babu ƙwanƙwasa babu kuka, shirun nan shi ya fi damun Mai Hoto. Yana ta cewa a ransa, Allah ka sa ba mu makara ba, bai ma san wa yake roƙa wa ba, tasa ko nata.

Can sai sautin injin ya sauya, ya yi kamar ya faɗa fanko. Yaya ya kashe. A ƙasan gurbin da ya gurje ga baƙin layin ya bayyana, tsawon yatsa, bakinsa a buɗe. Wata iska mai sanyi ta fito ta wurin ta shafi fuskokinsu, ta daɗe tana fita, fiye da abin da ɗan ramin nan zai iya riƙewa. A ƙarshenta suka ji ɗan sauti, irin ajiyar zuciyar da yaro ke yi in an ɗauke shi bayan dogon kuka. Daga nan babu komai, sai ƙarfe yana hucewa.

Wayar Mai Hoto ta yi ƙara a aljihu. Matar ce, kuka take har maganar ba ta fita sosai.

"Ya buɗe. Tana motsa su duka biyar. Wai suna mata zafi kamar allura, Malam ya ce jini ne ke komawa."

Mai Hoto ya zauna a ƙasa cikin garin ƙarfe. Yaya ya ji komai daga inda yake. Ya ce alhamdulillahi sau uku, ya naɗe wayar injin a tsanake, ya ajiye shi a kan benci.

"Gobe wa zai gaya wa mai matatar man da za a kai wa tankin, ni ko kai?"

"Ni. Da fina-finan zan je."

"Za su karɓe takardar izinin aikinka."

"Na sani."

"Ka ce a sake ɗaukar duk ɗinkin da na yi tun bara. Wani ya ɗauka, ba kai ba. Wannan ramin kuma a ba ɗaya daga cikin yaran ya cike, dogon nan hannunsa ya faɗa."

"To, Yaya."

Mai Hoto ya tashi ya karkaɗe wando, ya kashe fitilun. Ya kai bakin rumfa ya ga shi kaɗai ne. Ya waiwaya. Yaya yana tsaye inda ya bar shi a gefen tankin, a rumfar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shiga yana fita, ya ɗan miƙo hannu ɗaya gaba.

"Zo ka kama ni," ya ce. "Ban ga ƙofar ba."